Farin Dutse da Baƙin Dutse: Ƙarni Guda na Binciken Duwatsun Anka

Duk wanda ya karanci ilimin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya san sunan Anka tun kafin ya taka garin. A ajinmu Anka sunan wani zirin duwatsu ne a taswira, wanda ya miƙe daga arewa zuwa kudu a jere da 'yan'uwansa na Maru da Zuru da Birnin Gwari. Asalinsu laka ne da yashi da tsakuwa da aman wutar dutse, sai zafi da matsi suka gasa su a lokacin wani babban karon ƙasa da aka yi kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Anka da Bukkuyum a kan waɗannan tsofaffin duwatsu suke zaune. In ka bi Gulbin Zamfara ka yi yamma wajen Gummi, sai ka ga sun fara nutsewa ƙarƙashin yashi da tsakuwar kwarin Sakkwato, har su ɓace wa ido.

Dutse iri biyu ne ke jan hankali a yankin. Akwai farin dutse mai ƙyalli, wanda ke ratsa sauran duwatsu jijiya-jijiya, shi ne ke ɗauke da zinare. Akwai kuma baƙi mai ratsin kore, mai nauyi a hannu, wanda ke ɓullowa jefi-jefi. Na farkon ya sha guduma shekara ɗari. Na biyun kuwa sai a 'yan shekarun nan, da batirin mota mai aiki da lantarki ya ɗaga darajar nikel, aka fara tare mu a wurin ɗaurin aure ana tambaya: "Wai da gaske ne akwai nikel da filatinom a ƙasar Anka?" Amsar tana buƙatar a koma baya.

Gwamnatin Turawa ta fara leƙa duwatsun Arewa ne tsakanin 1904 da 1909, lokacin da wani ɗan Sikotilan mai suna J. D. Falconer ya jagoranci ayarin neman ma'adinai, a ƙafa da kan doki. Littafinsa kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewa ya fito a 1911, kuma da aka kafa Hukumar Binciken Duwatsu ta Najeriya a 1919 shi aka ba shugabancinta. Sai dai idon gwamnatin mulkin mallaka yana kan kuzar Jos da kwal ɗin Inugu. Ƙasar Zamfara ba ta shiga lissafi sosai ba sai bayan 1931, da kasuwar kuza ta faɗi, zinare kuma ya yi tsada. Masu haƙar kuza suka kwashi leburorinsu suka bazu cikin lardunan Neja da Zazzau da Sakkwato. Ramukan Kwali da Zuzzurfa da Kuba da wanda ake kira Jameson, duk a zirin Anka, ragowar irin wannan haƙa ta zamanin Turawa ce. Yawancin aikin wankin yashin rafi ne da bin jijiyar da ta fito fili. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, aka mayar da ƙarfi kan kuza, ramukan zinare suka cika da ruwa da macizai.

Abin da ya rage mana daga wancan zamani shi ne rahoton W. Russ kan duwatsun waɗannan larduna uku da zinarensu, wanda Hukumar ta buga a 1957. Har yau ɗalibi mai hankali yakan koma masa. Amma Russ zinare ya je nema, kuma abin da mutum ya je nema shi yake gani.

Waɗanda suka fara kallon duwatsun don kansu, ba don abin da ke cikinsu ba, malaman jami'a ne da ɗalibansu. J. B. Wright ya koyar a Zariya kafin ya koma Ingila, P. McCurry ta zana taswirar manyan yankunan Arewa daga hotunan jirgin sama da tafiyar ƙafa, A. E. Ogezi ya kammala digirinsa na uku a Leeds a 1977 kan sinadarai da shekarun duwatsun arewa maso yamma, sannan R. W. Holt ya yi nasa a 1982 kacokan a kan zirin Anka. I. G. Egbuniwe ya yi irin wannan a kan Maru. A wannan zamani ne baƙin dutsen ya samu suna a takarda. Safantinait muke ce masa. Dutse ne da asalinsa daga can ƙarƙashin ɓawon duniya yake, ruwa ya shige shi ya sauya masa kama har ya yi santsi kamar sabulu. An same shi a Tungar Kudaku da Maikwonaga da Sado, da Ribah ta wajen Zuru, da Malam Tanko can gabas. A wasu wuraren yana tare da ma'adinin kuromait, kuma irinsa bisa ɗabi'a yana ɗauke da nikel kaɗan a jikinsa.

Nan gardama ta tashi, irin wadda muka gada a aji. Wasu na ganin waɗannan guntaye ragowar ƙasan wani tsohon teku ne da aka matse ya rufe, aka tunkuɗo ɓaraguzansa sama ta tsagar ƙasa. Wasu na ganin ba a taɓa yin teku na gaske ba, ƙasa ce ta tsage ta yi kwari, narkakken dutse ya hauro. Mai karatu zai iya cewa wannan surutun malamai ne, to amma a kansa amsar tambayar nan ta wurin ɗaurin aure ta rataya.

Ga dalili. Manyan ma'adanan jan ƙarfe da nikel da filatinom na duniya yawanci a jikin wani baƙin dutse ake samunsu mai suna gabro, shi da danginsa. Narkakken dutse ne ke haurowa daga zurfi, ya maƙale a hanya, ya taru wuri guda mai girman gaske, ya yi ta hucewa sannu a hankali tsawon dubban shekaru. In ya samu farar wuta isasshiya, sau da yawa daga duwatsun gefe da ya narkar ya haɗiye, sai ta ware ta zama ɗigo-ɗigo a cikinsa. Ɗigon nan yana da kwaɗayin ƙarfe: yana zuƙe nikel da jan ƙarfe da filatinom da faladiyom daga ruwan dutsen, kuma da yake ya fi nauyi sai ya kwanta ƙasa, kamar yadda gasara ke kwanciya a gindin ƙwarya. Ana buƙatar abu uku a lokaci guda: tulin narkakken dutse mai yawa, farar wuta, da natsuwar da za ta bari abu ya kwanta hawa-hawa.

A Bushveld ta Afirka ta Kudu ukun sun haɗu fiye da shekara miliyan 2,000 da suka wuce. Faɗin wurin ya kai murabba'in kilomita 66,000, wato ya fi Jihar Zamfara gaba ɗaya nesa ba kusa ba, kaurinsa kuma kilomitoci ne. Amma shimfiɗar da ke ɗauke da filatinom, wadda aka gano a 1924 aka sa mata sunan Hans Merensky, a wurare da yawa ba ta wuce mita guda ba, kuma giram kaɗan ake samu a tan ɗaya na dutse. Abin da ya sa ta zama dukiya shi ne ana iya bin ta kilomita bayan kilomita ba ta yanke ba. Daga wannan yanki ne mafi yawan filatinom ɗin duniya ke fitowa. Norilsk ta Rasha da Sudbury ta Kanada su ma dangin wannan labari ne, kowacce da nata salon. A nan Afirka ta Yamma misalin da ya fi kusa shi ne tsaunukan Firitawun na Saliyo, waɗanda gabro ne mai hawa-hawa; an ga filatinom a rafukansu a 1926, aka yi ta wanke shi kaɗan-kaɗan har ƙarshen shekarun 1940.

To, sai a auna wannan da abin da ke Anka. Namu guntaye ne ƙanana, a warwatse, a matse cikin tsagar ƙasa, an murɗe su an jujjuya. Ko da wani abu ya taɓa kwanciya hawa-hawa a cikinsu, karon da aka yi ya wargaza shimfiɗar. Irin wannan dutse a ko'ina cikin duniya abin da ya saba bayarwa shi ne kuromait aljihu-aljihu, da talk, wani lokaci kuma nikel a cikin jar ƙasar da ta ruɓe a samansa. Koren tabon da masu haƙa ke gani a bakin rami suna cewa jan ƙarfe ne, gaskiyarsu, jan ƙarfen ne, amma na jijiyar farin dutse ne, ruwan zafi ya kawo shi tare da zinare. Ba daga tulin gabro ya fito ba. A ra'ayina Anka ba Bushveld ba ce, kuma duk wanda ya ce ita ce, ko dai bai ga ɗayansu ba ko kuma yana da takardar da yake son sayarwa. Wannan bai hana a bincika baƙin dutsen da kyau ba. Ya cancanci a huda shi, a ɗebo sandunan dutse daga zurfi, a kai ɗakin gwaji.

Bayan man fetur ya mamaye komai a shekarun 1970, mafi yawan waɗanda suka fi mu ƙoƙari a aji Fatakwal da Warri suka nufa. An kafa Kamfanin Haƙar Ma'adinai na Najeriya a Jos a 1972, ya taɓa neman zinare nan da can, daga baya ya durƙushe. Cikin 'yan kaɗan da suka tsaya kan zinaren Arewa akwai Farfesa Ibrahim Garba, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 2015 zuwa 2020. Ayyukansa sun nuna cewa zinaren bai zuba barkatai ba, yana bin manyan tsagogin ƙasa biyu ne da rassansu: ɗaya ta bi ta Anka ta gangara Yawuri, ɗayar ta bi ta Kalangai da Zungeru. A cikin rubuce-rubucen fannin, tun na da, an lissafa abokan tafiyar zinaren a cikin jijiya. Ɗaya daga cikinsu shi ne galina, dutsen nan mai walƙiya da ake daka shi a yi tozali. Ma'adinin dalma ne.

An san wannan, an rubuta shi da Turanci, an ajiye a ɗakunan karatu na Zariya da Kaduna da Ingila. Bai isa ƙauyen Dareta na ƙasar Anka ba.

Da farashin zinare ya haura dala 1,000 kan kowane oza a 2009, mutanen ƙauyuka suka koma tsofaffin ramuka da sababbi. Wannan karon ba yashi ake wankewa ba. Dutse ake fasawa a zuba a buhu a kai gida, mata su daka a turmi, a kai injin niƙan hatsi ya mayar da shi gari, a wanke, a kama zinaren da zaiba, a shanya sauran a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Galinar da ke kusa da saman ƙasa ta riga ta ruɓe ta koma wani nau'in dalma da ke saurin narkewa a cikin ciki. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu komai. Binciken da aka yi gida-gida a ƙauyuka biyu ya nuna yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. A wasu gidaje dalmar da ke cikin ƙasa ta zarce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin 400 ne. Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Bagega a Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum: aƙalla yara 400 aka rasa, Allah Ya jiƙan su. An kankare saman ƙasar gidaje an zuba sabuwa, an mayar da niƙa daba a bayan gari, an yi wa dubban yara maganin wanke jini. Bagega sai 2013 aka kai gare ta, bayan an daɗe ana jiran kuɗin gwamnatin tarayya. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Ba na ɗora wa wani malami laifi, domin ba aikin mai rubuta kundin digiri ba ne ya bi ƙauye-ƙauye da lasifika. Amma fannin da ya iya faɗin shekarun dutse da miliyoyi, bai tanadi ko mutum ɗaya da zai tsaya a kasuwar Bagega ya ɗaga galina ya ce kada a kai wannan cikin gida ba, fanni ne mai giɓi.

Tun daga nan aiki a fili ya ƙara wuya. Tsakanin 2003 da 2010 an auna kusan duk ƙasar nan daga jirgin sama da na'urar maganaɗisu, da tallafin Bankin Duniya, kuma baƙin dutse yana fitowa sarai a irin wannan taswira, har wanda yashin Gummi ya rufe ana iya hango alamarsa. Sai dai alama a kwamfuta ba ma'adini ba ce sai ƙafa ta je. Ƙafar kuwa 'yan bindiga sun tare ta. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ba ta ɗage ba sai Disambar 2024, kuma ɗalibanmu na yau da yawa sun gama karatu ba su ga zirin Anka da idonsu ba. Inda bincike ya tsaya, jita-jita ke cike gurbin. Mun ga yadda aka yi a 2016, da wani kamfani mai alaƙa da Ostareliya ya sanar da gano nikel a Dangoma ta Jihar Kaduna, jaridu suka yi ta kiɗa, surutun ya fi aikin da ya biyo baya yawa. Har yau Najeriya ba ta da ma'adanar filatinom ko ɗaya.

Saboda haka, mai karatu, in wani ya zo maka da lasisi da ɗan dutse a leda ya ce nikel ne ko filatinom daga dajin Anka ko Bukkuyum, tambaye shi rami nawa aka huda, zurfin mita nawa, wane ɗakin gwaji ne ya auna, giram nawa a tan. In ya kawo takardun, ka nemi masanin duwatsu ya karanta maka su kafin ka fitar da ko sisi. Dutsen da ke cikin ledar kuma kada ka bari ya kwana inda yaranka ke wasa.