Yadda Aka Fara Nazarin Jikin Littafi a Ƙasar Kano

A tsangayun karkarar arewacin Kano, wajajen Ɗambatta, Bichi da Minjibir, Alƙur'ani rubutun hannu ba ya zuwa a ɗinke. Warƙoƙi ne a sake, a cikin tadarishi, tadarishin kuma a cikin gafaka. Alaramma kan fiƙe alƙalamin gamba da kansa, ya dafa tawada da bagaruwa da ƙaro, ya bi baƙi da jan wasali. Takarda ce kawai baƙuwa. Da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar ana sayar da mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke kawowa ta Tarabulus. Yawancin irinta a ƙarni na 19 daga Italiya take, musamman masana'antar Galvani ta Pordenone. Sai an ɗaga warƙa an kara ta da haske ake ganin tambarin, kuma da shi ake kintatar shekarun littafin da marubucinsa bai sa kwanan wata ba.

Waɗanda suka fara tattara littattafan nan a jami'o'i ba jikinsu suka sa a gaba ba. W.E.N. Kensdale ya jera na Ibadan a shekarun 1950, John Hunwick ya buɗe cibiyar rubuce-rubucen Larabci a can, Abdullahi Smith kuma ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970. Tarihin jihadi suke nema, kuma sun yi namijin aiki. Amma hoton da suke ɗauka baƙi da fari ne: ja da rawaya sun ɓace, tambarin takarda bai fito ba. A.D.H. Bivar na cikin ƙalilan da suka dubi salon hannu, ta hanyar tsofaffin Alƙur'anan Barno, ɗaya mai ɗauke da shekarar 1669.

Bayan shekarar 2000 ne al'amarin ya juya. An kafa shirin ceto kundaye na British Library, mai ba da tallafi, a 2004. Cibiyar nazarin rubutun hannu ta Jami'ar Hamburg, inda Dmitry Bondarev ya zurfafa kan ajamin da ke gefen shafuka, tana ɗaukar nauyin masu neman digirin digirgir. Michaelle Biddle ta horar da ma'aikata a Arewa kan adana takarda da tawada, Andrea Brigaglia kuma ya yi rubutu kan Sharu Bala Gabari, gwanin hannun Kanawi.

Abin damuwa shi ne yawancin guraben wannan nazari a ƙetare suke, kamar yadda kundin Umaru Falke, malamin Kano da ya rasu a 1962, yake a Jami'ar Northwestern ta Amurka. Matashin da ya samu tallafin yakan koyi auna takarda a Turai, amma haɗin tawada da fiƙar alƙalami sai ya dawo ya zauna gaban alarammomin karkara, waɗanda har yau suke rubuta Alƙur'ani da ka.