Kwana Biyu a Badagry

Wanda ya bar Legas ya fuskanci yamma a kan titin Kwatano, ya wuce Mile 2, ya wuce Alaba Rago inda 'yan'uwanmu suka daɗe suna hada-hadar raguna, ya ratsa Okokomaiko da Agbara, babban gari na ƙarshe da zai tarar kafin iyakar Seme shi ne Badagry. Tazarar wajen kilomita 60 ce, amma kada mutum ya yi lissafi da kilomita a wannan hanya. Tun 2009 gwamnatin Legas ta ɗauko aikin faɗaɗa titin, kuma cunkoso da shingayen bincike sukan cinye wa matafiyi rabin yini. Mai son ya yi Asabar da Lahadi a garin gara ya yi sammako ran Asabar, ya bar wa masu ƙarfin hali yammacin Juma'a.

Garin bai zauna a kan tekun kai tsaye ba. Yana gefen arewa na wani dogon ruwa kwantacce da ya miƙe daga Legas har Porto-Novo, sai a tsallakensa wani siririn tudun rairayi mai itatuwan kwakwa, a bayan tudun kuma Tekun Atilantika na ta tumbatsa. Wannan zama shi ya yi Badagry. Kwale-kwale na iya ɗaukar kaya a kwantaccen ruwan ba tare da ya yi karo da igiyar teku ba, jiragen Turawa kuma su tsaya can nesa su jira a kai musu.

Mutanen garin Ogu ne, waɗanda Yarabawa ke kira Egun, dangin mutanen kudancin Jamhuriyar Benin ta harshe da al'ada, sai Yarabawa Awori da baƙi daga ko'ina. Sarkinsu Akran ake ce masa, tsohon garin kuma ya kasu unguwa takwas, kowace da basarakenta. In ka tambayi 'yan jagora za su ce maka an kafa garin a 1425, kasuwar bayi ta Vlekete kuma a 1502. Masu binciken takardun 'yan kasuwar Turai ba su yarda da wannan tsufa ba. A wurinsu Badagry ta zama tashar ciniki ne wajen 1736, lokacin da wani Bature mai yi wa kamfanin Holan aiki, Hendrik Hertogh, ya gudo daga yamma saboda yaƙe-yaƙen Dahome, 'yan gudun hijira suka biyo shi suka kafa unguwanni. Ni dai na fi karkata ga wannan magana ta biyu, don ta fi bayyana dalilin da ya sa kowace unguwa ke danganta kanta da wani gari na yamma, da dalilin da ya sa sarakunan unguwannin suka daɗe ba sa jin maganar juna. Dahome ta biyo su ta rushe garin a 1784, suka sake ginawa.

Safiyar Asabar ta ishi mutum ya zagaye tsohon garin da ƙafa, don kusan komai na kan titin Marina ne ko bayansa kaɗan. Akwai gidan tarihi a cikin tsohon ofishin Di'o, ginin 1863, shekarar da Ingila ta karɓe garin. Akwai ɗan ƙaramin ɗakin ajiya na zuriyar Mobee, inda sarƙoƙi da mari da makullin leɓe suke, ana ma ba baƙo ya ɗaga ya ji nauyinsu. Akwai wurin da itacen Agia ya tsaya kafin ya faɗi a 1959. A gindinsa Thomas Birch Freeman na cocin Methodist ya yi wa'azi a 1842, abin da ake lissafawa mafarin aikin mishan na zamani a Nijeriya. Sai kuma benen da 'yan mishan na CMS suka kammala a 1845 a ƙarƙashin wani ɗan mishan mai suna Gollmer, inda Samuel Ajayi Crowther ya zauna kafin su wuce Abekuta a 1846. A jikinsa an rubuta cewa shi ne bene na farko a Nijeriya. Bakatsinen da ya taɓa hawa Hasumiyar Gobarau sai dai ya yi murmushi ya wuce. A ce bene na farko irin ginin Turawa, sai a zauna lafiya.

Gidan da ya fi tsaya wa mutum a rai shi ne na Seriki Williams Abass. Ɗakuna arba'in ne ƙanana a zagaye da tsakar gida, kowanne da 'yar taga guda can sama, nan ake tsare bayi kafin jirgi ya zo. Shi mai gidan, yadda zuriyarsa ke bayarwa, an kama shi bawa yana yaro, ya shiga hannun wani Musulmi mai suna Abass, daga nan ya koma hannun wani mai suna Williams da ya kai shi Birazil. Ya dawo da sunayen iyayen gijinsa biyu, ya kama sana'ar da ta cinye ƙuruciyarsa. Daga baya ya zama shugaban Musulmin garin, Turawan mulki suka ɗaukaka shi, ya rasu a 1919. Kabarinsa na cikin gidan, jikokinsa kuma na zaune a yawancin ɗakunan, ga shanya, ga yara na wasa a bakin rijiya.

Ɗan Arewa bai kamata ya kalli waɗannan ɗakuna kamar labarin wasu can ba. A farkon ƙarni na 19, yaƙe-yaƙen jihadi da na rushewar daular Oyo sun kwararo da kamammu zuwa gaɓar nan, aka fitar da su ta Legas da Badagry da Porto-Novo da Wida, mafi yawa zuwa Bahia ta Birazil. Hausawa sun yi yawa a can har suka kitsa tawaye a 1807, kuma akwai su cikin Musulmin da suka yi boren 1835 a birnin Salvador, duk da cewa Yarabawa ne suka fi rinjaye a wannan karon. Ingila ta haramta cinikin a 1807, amma a nan sai da aka kai 1852 kafin sarakunan garin su sa hannu a kan yarjejeniyar dainawa.

Hanyar da ta gangaro da bayi kudu ita ce ta hau da baƙi arewa. A ƙarshen 1825 wani Bature matafiyi, Hugh Clapperton, ya sauka a Badagry da niyyar komawa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya fara gana da shi a 1824 ta hanyar Sahara. Ya bi ta tsohuwar Oyo da Busa da Kano, ya isa Sakkwato, can ajali ya riske shi a Afrilun 1827. Tafintansa wani Bagobiri ne, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pascoe. Shi ma an taɓa sayar da shi a bakin teku, jirgin yaƙin Ingila ya kuɓutar da shi. Yaron Clapperton, Richard Lander, ya dawo Badagry da takardun maigidansa, dillalan bayi 'yan Fotugal suka yi masa sharrin leƙen asiri, aka ba shi guba ya sha don a gane gaskiyarsa. Ya shanye, ya koma masauki ya amayar, ya rayu. Da ya sake dawowa da ƙanensa John a 1830, a tafiyar da suka bi Kwara daga Busa har inda ta faɗa teku, sun tarar da malamai Hausawa zaune a garin, sun kuma kalli Sallar azumi a watan Maris na shekarar. Wato shekara kusan ɗari biyu ke nan da ake hawa Idi a Badagry, a ƙalla. A Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da babban titin Sakkwato zuwa Badagry daga Illela, mai tsawon kilomita 1,068, wanda tun zamanin Shagari ake zancensa.

In rana ta yi sanyi sai a shiga jirgin kwale-kwale mai inji a tsallaka Gberefu, a kan wancan tudun rairayi na tsallaken ruwa. Tsallakawar 'yan mintoci ce. Daga nan sai tafiyar ƙafa a cikin rairayi har bakin teku, ta turbar da ake cewa bayi suka bi zuwa jirage. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da ake cewa duk bawan da ya sha ruwanta sai ya manta da gida. Almara ce, amma ba wanda ke yarda ya kurɓa. Can ƙarshe gwamnati ta gina wata babbar ƙofa ta tunawa, ginin da bai kai tekun da ke bayansa kwarjini ba. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana da ja, wanda bai iya iyo ba ya tsaya iya idon sawu. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwan sama kan ɓata wannan fita. Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi.

Da dare garin ba shi da hayaniya. Ana samun gasasshen kifi a bakin ruwa, ana samun mai tsire da mai shayi a mahaɗar tituna kamar ko'ina. In ka ji kiɗa ka ga wani tulin yayi mai kama da bukka yana juyawa a tsakiyar titi, Zangbeto ne, dodon Ogu mai gadin dare, kuma ladabi shi ne a ba shi hanya, a tambaya kafin a ɗaga waya.

Lahadi ta cocin garin ce, don haka baƙo sai ya leƙa kasuwar Agbalata ko ya nufi Topo. Tsofaffin ma'aikatan gwamnati na Arewa da dama sun san Topo ko ba su san Badagry ba, don nan ne kwalejin horar da manyan ma'aikata ta ASCON take, wadda aka kafa a 1973. A Ajara kuma akwai cibiyar koyon Faransanci da aka buɗe a 1991, inda ɗaliban jami'o'inmu ke zuwa su yi zango. Seme ba nisa, kuma arzikin garin na yau rabinsa a iyaka yake: lokacin da aka rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, 'yan acaɓa da masu ɗakunan kwana da 'yan dako duk sun ji a jikinsu. Ɗaya rabin kuwa kifi ne da kwakwa. 'Yan mishan na Katolika suka kafa babbar gonar kwakwa a Topo bayan saukarsu a 1876, har yau kuma buhunan kwakwar Badagry na hawa manyan motoci zuwa kasuwannin Arewa, inda masu kunun aya da masu alawar kwakwa ke jiransu.