Kwaɗon Afirka da Ya Buɗe Sirrin Ɗan Tayi

A shekarun 1940 da 1950, idan mace a Birtaniya tana son tabbatar da ko ta samu juna biyu, likitanta kan karɓi fitsarinta na safe a 'yar kwalba ya aika ɗakin gwaji. A can sai ma'aikaci ya tsamo macen kwaɗo daga tankin ruwa, ya ɗebi fitsarin a sirinji, ya tsira mata allura a ƙarƙashin fatar bayanta, ya saka ta cikin tulun gilashi ita kaɗai. Washegari a duba. In an tarar da ƙwai birjik a gindin tulun, ƙanana ƙanana, rabi duhu rabi haske, to akwai ciki. In ruwan na nan tas, babu.

Sunan wannan kwaɗo a wurin masana Xenopus laevis, asalinsa kuwa kududdufai da tafkunan kudancin Afirka. A ruwa yake rayuwarsa, jikinsa a baje yake mai santsi, ba shi da harshe, yana da baƙaƙen farata a yatsu uku na kowace ƙafar baya. Ba wanda zai kalle shi ya ce da shi za a warware manyan tambayoyi kan yadda ƙwai guda ke zama halitta mai kai da ido da kashin baya.

Mafarin labarin shi ne zuwan Lancelot Hogben, masanin dabbobi ɗan Ingila, Jami'ar Cape Town a 1927. A 1930 ya bayyana cewa in aka yi wa macen wannan kwaɗo allurar ruwan da aka tatso daga wani ƙullutu da ke ƙasan ƙwaƙwalwar bijimin sa, sai ta saki ƙwai ko da ba lokacinta ba ne. A shekarar ya koma Landan da kwaɗinsa, wariyar launin fatar ƙasar ta ishe shi. Fitsarin mai ciki na ɗauke da wani sinadari mai irin wannan aiki, don haka nan da nan aka gane amfanin abin. Hillel Shapiro da Harry Zwarenstein a Cape Town suka nuna gwajin na aiki, Charles Bellerby ma ya nuna haka a ɗakin binciken Hogben. An daɗe ana jayayya kan wanda ya riga, amma sunan Hogben ne ya bi gwajin, kuma a ganina an tauye wa mutanen Cape Town haƙƙinsu.

Kafin nan da ɓeraye ko zomaye ake gwajin, kuma sai an yanka dabbar an duba cikinta. Shi kuwa kwaɗo ba a kashe shi. Ya huta, a sake amfani da shi. Sai asibitoci suka yi ta odarsa dubbai daga Afirka ta Kudu, aka koyi kiwonsa a tankuna. Da gwajin sinadarai ya fito a farkon shekarun 1960, asibiti ya daina buƙatarsa, amma masu binciken ɗan tayi sun riga sun riƙe shi gam.

Dalilinsu na lokaci ne. Kamar yadda kwaɗinmu ba sa kuka sai damina ta sauka, haka na Turai ba sa zuba ƙwai sai sanyi ya ja baya, na 'yan makonni kawai. Hans Spemann da ɗalibarsa Hilde Mangold a Freiburg ta Jamus sun sha wannan wahalar. Da allurar gilashi mai siririn baki da madaukin gashi Mangold take yanko ɗan tsoka daga ɗan tayin wata dabbar ruwa 'yar uwar kwaɗo, ta dasa a cikin wani ɗan tayin, sai ga jiki na biyu ya tsiro a gefensa. Yawancin 'yan tayin mutuwa suke yi, kuma in lokacin ƙwai ya wuce, sai baɗi. An buga sakamakon a 1924, shekarar da gobarar risho ta kashe ta tana da shekara 25. Spemann ya karɓi kyautar Nobel a 1935.

Kwaɗon Afirka ya kawar da wannan jira. Allura ɗaya da yamma, ɗaruruwan ƙwai da safe, kowane wata na shekara. Faɗin ƙwan ya ɗan haura milimita ɗaya, babba ne a ma'aunin wannan aiki, yana girma a waje kowa na gani, yana kuma jure yanka da dashe. A 1956 Pieter Nieuwkoop da Job Faber a Utrecht suka fitar da jadawalin girmansa mataki mataki har zuwa na 66, ta yadda mai bincike a Japan da na Amurka za su san ɗan tayi iri ɗaya suke magana a kai.

A Oxford ne kwaɗon ya yi babban aikinsa. Tambayar ita ce: ƙwayar halittar da ta riga ta zama ta hanji ko ta fata, shin ta zubar da sauran bayanan gadon da ba ta amfani da su? Gwajin da Robert Briggs da Thomas King suka yi a Amurka da wani kwaɗon daban ya sa ana zaton haka ne. John Gurdon, wanda malaminsa na sakandare ya taɓa yanke wa hukuncin cewa karatun kimiyya ɓata lokaci ne a gare shi, ya kashe cibiyar ƙwai da hasken ultrabayolet, ya zuƙo cibiyar ƙwayar hanjin ɗan kwaɗo mai wutsiya da siririn bututu, ya cusa a ciki. A rahotonsa na 1962, cikin dashe 726, guda 10 ne suka zama 'ya'yan kwaɗo masu iyo lafiya lau. Goma kacal, amma sun wadatar: bayanin gina jiki gaba ɗaya na nan a ƙwayar hanji, kulle shi kawai aka yi, kuma ƙwai na iya buɗe shi. Daga nan hanya ta miƙe zuwa tunkiya Dolly a 1996, da kyautar Nobel da Gurdon ya raba da Shinya Yamanaka a 2012. A ƙwan wannan kwaɗo kuma aka gano sinadaran da ke bayan abin da Mangold ta gani, irin su noggin a 1992 da chordin a 1994, kusan shekara 70 bayan rasuwarta.

Yawon duniyar nan bai tafi salin alin ba. Kwaɗin da suka tsere ko aka zubar sun yi kaka-gida a Kalifoniya da Chile da Faransa, suna cinye ƙananan halittun ruwan wuraren.

Kwaɗon yana da wani cikas kuma ga masu nazarin gado: kuromozom 36 gare shi, kusan komai ninki biyu, kuma yakan shekara ko fiye kafin ya isa haihuwa. Shi ya sa tun daga shekarun 1990 aka juya ga ƙaninsa, Xenopus tropicalis, na dazuzzukan Afirka ta Yamma, mai kuromozom 20, wanda ke balaga cikin 'yan watanni. A 2010 mujallar Science ta buga cikakken tsarin gadonsa, karo na farko da aka yi wa wani kwaɗo haka. Macen da aka ɗebi DNA ɗinta daga zuriyar da aka samo a Nijeriya take, kuma har yau da sunan Nijeriya ake kiran wannan zuriya a ɗakunan bincike na Turai da Amurka da Japan. Abin da ke damuna shi ne, ɗalibanmu da yawa na gama digirin nazarin halittu ba tare da an taɓa ajiye musu ƙwan kwaɗon ƙasarsu a ƙarƙashin madubin ƙara girma sun kalli yadda yake rabuwa biyu, huɗu, takwas ba, alhali abin da aikin ke buƙata bai wuce tankin ruwa mai tsafta da allura da malami mai haƙuri ba.