Wa ya kamata ya ga taswirar?

Mu masu aikin taswirar agaji mukan fara tarihinmu ne daga girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairun 2010. Babban birnin ƙasar, Port-au-Prince, ba shi da cikakkiyar taswira a lokacin. Sai ɗaruruwan 'yan sa-kai a ƙasashe daban-daban suka duƙufa gaban kwamfuta, suna bin hotunan tauraron ɗan adam, suna zana wa taswirar intanet ta OpenStreetMap tituna da sansanonin da jama'a suka fake. Ita kuma manhajar Ushahidi, wadda 'yan Kenya suka ƙirƙiro lokacin rikicin bayan zaɓe a farkon 2008, ta riƙa ɗora saƙonnin neman taimako da ake turawa lambar 4636. Aƙidarmu a wancan zamani ita ce duk bayanin da aka baje a fili alheri ne. Ba a tsaya an tambayi mai saƙon ba ko ya yarda duniya ta karanta kukansa, ta kuma san inda ya kwana.

Libiya ce ta farkar da mu a 2011, lokacin da ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi 'yan sa-kai su haɗa taswirar yaƙin. Girgizar ƙasa ba ta karanta taswira, amma soja yana karantawa. Dole aka raba taswirar biyu: ta ma'aikatan agaji a rufe, ta jama'a kuma a jinkirta ta awa 24, a cire duk abin da zai tona asirin mai ba da labari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun miƙa wa masu yaƙi lambobin GPS na asibitoci don kada su kai musu hari. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da inda asibitinta na Kunduz a Afganistan yake, duk da haka jirgin Amurka ya yi masa luguden wuta ranar 3 ga Oktoban 2015, mutum 42 suka rasu. A Siriya ma, a 2019, an buge wuraren da ke cikin jerin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa, har wasu likitoci suka daina ba da nasu. To, ɓoyewa ce mafita? A Rann ta jihar Borno, jirgin sojin Najeriya ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira ranar 17 ga Janairun 2017, ya kashe aƙalla mutum 90, daga baya sojoji suka ce ba a nuna wurin a taswirarsu ba. Gaba kura, baya siyaki.

Ƙa'idoji sun biyo baya: Signal Code daga jami'ar Harvard a 2017, da jagorar IASC, kwamitin da ya haɗa hukumomin agaji, a 2021. Sun gyara halinmu ƙwarai. Yanzu mukan tara abin da aiki ke buƙata kawai, mu dunƙule gidaje zuwa unguwa, mu sa ranar goge bayanai. Inda muke da saura shi ne neman izini. Matar da ke layin karɓar hatsi da goyo a bayanta, in aka ce ta faɗi ƙauyensu, ba za ta ce a'a ba, mu kuwa sai mu cike takarda cewa ta amince. Ni a ganina, wannan amincewar ba ta ba mu damar miƙa bayananta ga wata gwamnati ko wani kamfani ba.