Android Studio

Android Studio manhaja ce ta kamfanin Google da ake amfani da ita wajen ƙera manhajojin wayoyin Android. An sanar da ita a taron Google I/O na watan Mayun 2013, sannan siga ta 1.0 ta fito a Disambar 2014, inda ta maye gurbin Eclipse. An gina ta ne a kan IntelliJ IDEA na kamfanin JetBrains, kuma tana aiki a Windows da macOS da Linux. Manhajar iPhone kuwa sai da Xcode, wanda ba ya aiki sai a kwamfutar Mac.

Matsalolin girkawa

Android Studio ba ta aiki ita kaɗai. Ta dogara da Java, da Android SDK, da kuma Gradle, wanda shi ne ke harhaɗa aikin ya zama manhajar da waya za ta karɓa. Galibin kurakuran da sabon mai koyo ke cin karo da su ba daga abin da ya rubuta suke fitowa ba, rashin jituwa ne tsakanin sigogin waɗannan kayan aiki.

Misali, Android Gradle Plugin 7.0 yana buƙatar Java 11, shi kuma 8.0 sai Java 17. Idan aka buɗe tsohon aiki da sabuwar Java, Gradle kan tsaya da saƙon "Unsupported class file major version 61". Lambar ce ke tona asirin matsalar: 55 na nufin Java 11, 61 Java 17, 65 kuma Java 21. Maganin shi ne a sabunta sigar Gradle a fayil ɗin gradle-wrapper.properties, ko a zaɓa masa Javar da ta dace. Android Studio tana zuwa da tata Javar, amma idan JAVA_HOME yana nuna wata daban, aiki zai iya gudana a cikin manhajar ya kuma ƙi gudana a tagar rubuta umarni. Wannan kan rikita har waɗanda suka daɗe a harkar.

Saƙon "SDK location not found" ya fi sauƙi: ana rubuta inda SDK yake a fayil ɗin local.properties, ko a saita ANDROID_HOME.

A karon farko Gradle kan sauke kaya masu nauyi daga intanet. Idan layi ya yanke ana tsakiyar saukewa, guntun fayil ɗin kan zauna a foldar .gradle, ya riƙa jawo kuskure ko da intanet ya dawo. Sai an goge shi an sake saukewa. Cire Android Studio baki ɗaya a sake girka ta, abin da mutane da yawa kan fara yi, ɓata data ne kawai, domin foldar tana nan ba ta goge ba.

Gwajin manhaja

Wayar kwaikwayo da ke cikin Android Studio tana cin RAM sosai, kuma tana buƙatar a kunna VT-x ko AMD-V a BIOS. Ga mai ƙaramar kwamfuta, gwaji a wayar gaske ya fi. Ana danna "Build number" sau bakwai a saitin wayar, a kunna "USB debugging", a jona ta da kebul. Idan umarnin adb devices ya nuna "unauthorized", to ba a amince da tambayar da ta fito a fuskar wayar ba ne. Idan wayar ba ta bayyana ba sam, a fara da sauya kebul, don wasu na caji ne kaɗai.