Amazing Grace: wa ya rubuta ta, wa ya sa mata kari? (ZARE)

1/ Ko kai Kirista ne ko Musulmi, da wuya a ce ba ka taɓa jin Amazing Grace ba, ko a coci, ko a finafinan Amurka wajen jana'iza. Akwai labarin da ke yawo a kanta: wai mai safarar bayi ne guguwa ta kusa halaka shi a teku, ya tuba nan take, ya bar sana'ar, ya zauna ya rubuta waƙar. Labari mai daɗi, sai dai shekarun ba su yarda da shi ba. Ku biyo ni.

2/ Sunansa John Newton, an haife shi a Landan a 1725. Yana saurayi aka kama shi da ƙarfi aka sa shi sojan ruwa. Daga nan ya faɗa hannun wani Bature mai fataucin bayi a wani tsibiri kusa da Saliyo, inda shi kansa ya sha yunwa da wulaƙanci.

3/ Guguwar dai gaskiya ce. A watan Maris 1748 jirgin da ke mayar da shi gida, Greyhound, ya kusa nitsewa kusa da Ailan. A daren ya roƙi Allah jinƙai, kuma duk rayuwarsa yana tuna ranar.

4/ To ga inda labarin ya karkace. Bayan wannan tuban ne fa ya zama kyaftin ɗin jirgin bayi. Tafiya uku ya yi tsakanin 1750 da 1754, daga Liverpool (e, ita dai ta 'yan ƙwallo) zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Yana sama yana karanta Littafi Mai Tsarki, mutane suna ƙasa ɗaure da sarƙa. Abin da ya raba shi da teku ma ciwo ne da ya buge shi a 1754.

5/ A 1764 ya zama limamin coci a wani ƙaramin gari, Olney. Can ya rubuta waƙar, don wa'azin ranar 1 ga Janairu 1773 a kan addu'ar Sarki Dawuda a 1 Tarihi sura 17. Lissafa: kusan shekara 25 ke nan bayan guguwar.

6/ An fara buga ta a 1779 a littafin Olney Hymns, wanda ya haɗa da abokinsa mawaƙi William Cowper. Waƙoƙi 348 ne a ciki. Tamu baiti shida ce, kanun da ya ba ta daban ne da sunan da muka sani, kuma kalmomi ne zalla, babu kari. Ku duba baitocin nan shida, ba inda aka ambaci bawa ko bauta.

7/ Sai a 1788 ya fito fili ya buga ƙasida yana la'antar cinikin bayi, yana cewa abin kunya ne a gare shi. Shekara 34 bayan ya sauka daga jirgi. Ya taimaki William Wilberforce, ya ba da shaida a gaban majalisa. Ni dai ban raina wannan ba, shaidar wanda ya yi abin da hannunsa tana da nauyi. Amma shekara 34 ba kwana biyu ba ne, jama'a.

8/ Ya rasu a Disamba 1807, shekarar da Birtaniya ta haramta cinikin.

9/ Yanzu kari. Wanda ke cikin kanku yanzu sunansa New Britain, kuma Newton bai taɓa jin waƙarsa da shi ba. A Ingila ma waƙar ba ta yi wani tashe ba, Amurka ce ta ɗauke ta. William Walker ne ya haɗa kalmomin da wannan kari a littafinsa Southern Harmony a 1835. Sauti biyar kacal ne a cikinsa, shi ya sa za ka iya buga shi da baƙaƙen maɓallan fiyano kaɗai.

10/ Baitin ƙarshe da ake rerawa yau, mai maganar dawwama a sama, ba na Newton ba ne. Daga wata tsohuwar waƙa aka tsinko shi. A littafin Uncle Tom's Cabin na 1852, bawan nan Tom ne ke rera shi haɗe da baitocin Newton. Edwin Excell ya buga su tare a 1910, aka ɗore a haka.

11/ Daga nan jikokin bayi suka riƙe ta. Mahalia Jackson ta naɗe ta a 1947, Aretha Franklin ta sa wa faifanta na 1972 sunan. A shekarar ne kuma sojojin Sukotlan suka busa ta da algaitarsu mai jaka, ta hau lamba ɗaya a Birtaniya, ƙasar da ta kusa mantawa da ita.

12/ A Yunin 2015 wani farar fata ya harbe mutum tara a cocin baƙar fata a Charleston. Wajen jana'izar faston, Clementa Pinckney, Obama ya tsaya tsakiyar jawabi, ya yi shiru, sai ya ɗauko baitin farko da karin Walker. Limaman da ke bayansa suka miƙe, zauren duka ya amsa.