Daga Shan Shayi Zuwa Busa Ƙaho: Tarihin Koyon Kiɗa A Finafinan Zane Na Japan

'Yan'uwa marubuta, sau da yawa ɗalibaina kan ce ba su da abin rubutawa, wai don babu wani abin mamaki da ya taɓa faruwa da su. To, bari mu leƙa Japan mu ga yadda suka mai da zaman yau da kullum ya zama labari.

Abin ya daɗe. A 1946 wata mata mai suna Machiko Hasegawa ta fara zana Sazae-san a jarida, labarin wata matar aure da iyalinta. A 1969 aka mai da shi fim ɗin zane a talabijin. Babu yaƙi, babu aljanu, sai cefane da gardamar cikin gida.

Da tafiya ta yi nisa, sai salon ya shiga makarantun sakandare, inda ɗalibai ke da ƙungiyoyin da suke halarta bayan an tashi. A 2009 kamfanin Kyoto Animation ya fito da K-On!, wanda Naoko Yamada ta ba da umarni. 'Yan mata huɗu ne suka haɗu don kada a rufe ƙungiyar kiɗan makarantarsu. Ɗaya ma ba ta iya jita ba. Amma shan shayi da hira sun fi gwajin kiɗan yawa, domin zumuncin shi ne labarin.

A 2015 kamfanin ya sake lale da Sound! Euphonium, daga littafin Ayano Takeda na 2013, a kan 'yan badujalar wata makaranta a garin Uji. A nan an nuna wahalar koyo tsirara: maimaita wuri ɗaya har leɓe ya gaji, da faɗan malami, da ranar da 'yar aji ɗaya ta kayar da 'yar aji uku wajen zaɓen mai busa ita kaɗai. Shin girma za a bi ko ƙwarewa? Wannan tambaya ta isa ta riƙe mai kallo.

A ranar 18 ga Yuli, 2019, wani mutum ya cinna wa ɗakin aikin kamfanin wuta, mutum 36 suka rasu. Amma salon bai mutu ba, don a 2022 wani kamfanin ya fito da Bocchi the Rock!, labarin yarinya mai kunya da ta koyi jita ita kaɗai a ɗaki.

Darasin a fili yake. Wanda ya iya lura da yadda ɗan koyo ke kuskure, ya gyara, ya sake kuskure, ba zai rasa abin rubutawa ba. Allah ya sa mu dace.